Yadda Na Bi Faya-fayan Sonny Clark da Kunne

Idan ana lissafin makaɗan fiyano na jaz a Amurka, Bud Powell da Thelonious Monk da Horace Silver ake fara kira, sai can a tuna da Sonny Clark. An haife shi a 1931 a Herminie, garin masu haƙar kwal a jihar Pennsylvania, ya rasu a New York a Janairun 1963 yana da shekara 31, bayan fama da hodar heroin. Na bi faya-fayansa na kamfanin Blue Note ɗaya bayan ɗaya, kuma na gane cewa tsarin da mutum ya bi wajen sauraro shi ke sa ya ji Clark ko ya wuce shi.

Yawancin mutane da Cool Struttin' na 1958 suke farawa, faifan da ya yi farin jini a gidajen shayin sauraron jaz na Japan fiye da a ƙasarsa. Faifai ne mai daɗi, amma ba a nan na fara ba. Akwai Art Farmer da tirampet, ga Jackie McLean da saksofon mai kaifin murya, sabon kunne kuwa masu busa yake bi, fiyano ta zama kamar ba ta nan. Na fara da Sonny Clark Trio na 1957, inda mutum uku ne kawai: shi, Paul Chambers a kan bas (babban kayan kiɗa mai tsirkiya da kaurin murya), Philly Joe Jones a kan ganguna. A lura wajen nema, domin akwai wani faifan mai wannan suna da kamfanin Time ya fitar a 1960, da George Duvivier da Max Roach. Na Blue Note ake so da farko. A saurari "Softly, as in a Morning Sunrise", a bi hannun daman Clark kaɗai. Sauti ɗaya-ɗaya yake jerowa, kowanne a fili, kuma yakan ɗan jinkirta kaɗan a bayan bugun ganga ba tare da ya saki lokaci ba. Wannan jinkirin shi ne sa hannunsa. "I'll Remember April" kuwa shi kaɗai ya kaɗa, a nan ake jin hannun hagu sosai.

Daga nan na koma Cool Struttin' da ƙidaya. Kiɗan farko buluz ne, salon kiɗan baƙaƙen fatar Amurka, mai gaɓa 12, kowace gaɓa bugu 4, wato bugu 48 ya cika zagaye ɗaya. A riƙa ƙirgawa da ƙafa, a bi bas ɗin Chambers, domin yawanci sauti ɗaya yake bayarwa a kowane bugu. Inda ake ɓata shi ne bin mai busa, shi kuwa da gangan yake tsallake iyakar gaɓa. Idan lissafi ya kuɓuce, a jira farkon sabon zagaye a sake kamawa. Da zarar zagayen ya zauna a ƙafa, sai a kawar da hankali daga masu busa a saurari abin da Clark ke yi a bayansu.

Nan ne gwanintarsa take, a ganina. Rakiyarsa kamar ta ƙwararren ɗan amshi ce: ba ya cika fili, sai mai busa ya tsaya shan numfashi ya jefa gajeren sauti biyu ko uku, ya tura shi gaba. Shi ya sa Blue Note ta yi ta kiransa rakiya. A ɗauki faifan Go na mai saksofon Dexter Gordon, wanda aka naɗa a Agustan 1962 tare da Butch Warren da Billy Higgins, a saurari "Cheese Cake" sau biyu, na farko don Gordon, na biyu don fiyano kaɗai. Haka ma naɗe-naɗensa da mai jita Grant Green na 1961 da 1962, waɗanda suka daɗe a ajiye kafin a sake su.

Kayan sauraro ma na da tasiri. Sifikar waya tana yanke ƙananan sauti, bas ya ɓace, hannun hagu ya bi shi, ƙidaya ta gagara. A sa iyafis a kunne biyu, saboda naɗin sitiriyo na wancan zamani yakan raba kayan kiɗa hagu da dama, mai kunne ɗaya rabin ƙungiya yake ji. Injiniya Rudy Van Gelder, wanda ya naɗi waɗannan faya-fayan, yakan naɗi fiyano da murya mai kauri a dunƙule, don haka ƙara ƙarfin bas a na'ura sai ya dagula ta. A bar saitin a tsakiya.

Leapin' and Lopin' na ajiye ƙarshe. An naɗe shi a Nuwamban 1961, shi ne na ƙarshe da ya jagoranta, da Tommy Turrentine a kan tirampet da Charlie Rouse a kan saksofon. "Melody for C" da "Voodoo" nasa ne, suna nuna cewa ya iya tsara kiɗa kamar yadda ya iya kaɗawa. A "Deep in a Dream" Ike Quebec ne ya karɓi saksofon, kiɗan a hankali yake tafiya, kuma shi ya fi sauƙin bin hannuwan Clark biyu a lokaci guda.