Tsoron Karyewa da Kajin da Na Fara Kiwo a Zariya

Zariya gari ne na ilimi, kuma wannan martabar tana ɗora wa matasanta wani nauyi da ba kasafai ake faɗarsa ba. A garin da ke da Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, ga Kwalejin Barewa, ga Kwalejin Fasaha ta Nuhu Bamalli, iyaye da dama sun saba ganin cewa ƙarshen karatu shi ne takardar ɗaukar aiki da albashin ƙarshen wata. Saboda haka lokacin da na fara tunanin kiwon kaji bayan hidimar ƙasa, abin da ya fi hana ni barci shi ne ranar da za a ce a majalisar unguwa: duk bokonsa a kwasar kashin kaji ya ƙare, kuma nan ma ya karye.

Sai dai ba dukan tsoron ba ne na bakin mutane, domin akwai wanda yake da hujja. Mun ga yadda yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, wanda ya kai wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya kashe kasuwar Samaru, unguwar da Jami'ar Ahmadu Bello take, inda masu abinci da masu shagunan buga takardu suka wuni suna kallon titi. A farkon 2023 aka shiga ƙarancin takardun kuɗi, a watan Mayu kuma aka cire tallafin man fetur, farashin masara ya tashi. Wanda ya ga waɗannan ya ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, ban ga laifinsa ba.

Abin da ya rage mini fargaba lissafi ne, ba jawaban ƙarfafa gwiwa da ke yawo a Facebook ba. Na nemi wani mai gidan gona a hanyar Shika ya bar ni ina zuwa ina taya shi aiki, a nan na fahimci cewa abinci ne ke cinye kaso mafi girma na kuɗin kiwo, kuma kaza mai ƙwai ba ta fara yi sai ta kai mako 18 zuwa 20, wato kusan wata biyar mutum yana zuba kuɗi ba tare da ko sisi ya dawo ba. Ina sha'awar Shika Brown, kazar ƙwan da cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI ta samar a nan ƙasarmu, amma aljihuna ba zai iya jiran wata biyar ba. Kajin nama kuwa cikin mako shida zuwa takwas sun isa sayarwa. Da su na fara, 'yan kaɗan, a wani ɗaki na bayan gida. Kafin in sayo ɗan tsako ko ɗaya na rubuta abin da zan rasa idan cutar kaji ta gumboro ta shigo ta kwashe su duka, na ga adadi ne da kwasar adashi ɗaya za ta mayar. Asarar da mutum ya rubuta adadinta a takarda ba ta razana shi kamar wadda yake ta ƙiyastawa cikin dare.

Akwai kuma batun kuɗin wani, wanda a ganina shi ne ya fi karya zuciyar mai fara sana'a. Da kawuna ya ce zai ƙara mini jari, sai na ce, “Kawu, bashi ne ko ƙiradi?” Ya yi dariya, ya ce ashe karatun zaure bai tafi a banza ba. A fiƙihun Malikiyya da malamanmu na cikin birni ke karantarwa, ƙiradi shi ne wani ya kawo dukiya wani ya kawo aiki, su raba riba bisa kason da suka amince tun farko. Idan aka yi asara ba tare da sakaci ko saɓa sharaɗi ba, mai dukiya ne ya rasa kuɗinsa, mai aiki kuma ya rasa wahalarsa. Muka rubuta, aka sa shaidu. Gidaje nawa ne zumunci ya lalace a cikinsu saboda an miƙa kuɗi ba a fayyace ko kyauta ce, ko rance, ko jari ba?

Masu saye ma tun kajin suna ƙanana na neme su, na zagaya wurin masu gashin kaza a Sabon Gari da masu abinci a Samaru, na ji nauyin da suke so da farashin da suke biya. Sanyin hunturu ya kashe wasu 'yan tsakin duk da ɗumama ɗakin da gawayi da nake yi, ribar zagayen farko kuma ba ta taka kara ta karya ba, maganar majalisa kuwa an yi ta an gaji. Yanzu ina shirin gwada masu ƙwai, kuma abin da nake tsoro shi ne farashin masara, don haka na ware kuɗin da zan saye ta a kasuwar Giwa da kaka, in adana kafin ta yi tsada.