Asabar a Samaru, ni da yarana na sarewa

Yau kam na kwanta da abu a zuciya, gara in rubuta ko na samu barci.

Da safe kamar kullum ranar Asabar yaran suka taru a zaurenmu, su tara suka zo maimakon goma sha ɗaya. Aikin yau yin sarewa ne, kowa ya yi tasa da hannunsa. Na sayo bututun roba irin na masu gyaran famfo na yayyanka, muka hura gawayi a kasko muka sa ƙusa ta yi ja, kowa ya zo ya huda ramukansa huɗu ina riƙe masa da tsumma. Warin robar nan har yanzu yana rigata. Ƙaramin cikinsu, wanda ba ya magana sai an tambaye shi sau uku, shi ya fara samun sauti, ya karkata bakin bututun ya hura a hankali sai ga murya ta fito siririya tana rawa, wallahi sai da kowa ya yi tsit. Na ce masa ci gaba, kar ka tsaya neman wata waƙa da ka sani, busa abin da ya zo maka. Ya yi kusan minti biyu idonsa a rufe.

Toh bayan azahar sai ga mahaifinsa. Mutumin kirki ne, mun gaisa sosai, sannan ya ce Malam ka yi haƙuri, yaron nan ba zai ƙara zuwa ba, a gidanmu ba mu gaji roƙo ba. Na ce Alhaji ai ba roƙo nake koya musu ba. Ya ce na sani, amma bakin mutane fa. Ban ja ba, ɗansa ne. Sarewar ma a nan ya bar ta kan tabarma.

Da yamma na rasa abin yi sai na kunna faifan makaɗin nan mai busa, Yusef Lateef, a waya, wanda ya ɗauka a Legas a 1983 mai suna In Nigeria. Haka yake rubuta sunansa, mu dai Yusuf za mu ce. Duk lokacin da raina ya ɓaci kan harkar nan wajensa nake komawa, don mutumin nan a garin nan ya zauna, nan Zariya, daga 1981 zuwa 1985, yana bincike a cibiyar nazarin al'adun Najeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello. Baƙar fatar Amurka ne, an haife shi a 1920 a jihar Tennessee ya tashi a Detroit, ya musulunta tun yana matashi ya canza suna. Kafin ya zo nan ya riga ya yi suna, ya busa saksofon, wani abin busa na ƙarfe, tare da Dizzy Gillespie tun 1949, ya yi aiki da Cannonball Adderley, dukansu manyan makaɗan jaz ne, wato kiɗan baƙaƙen Amurka, ya shigo da kayan busa na Larabawa da Indiya cikin kiɗan jaz tun mutane na ganin abin kamar baƙo, ga digirin dakta a fannin ilimi da ya samu a 1975. Duk da haka mutum ya haura shekara sittin ya tattaro ya zo, kuma cikin abin da ya sa a gaba har da sarewar Fulani, wannan dai da makiyayi ke busawa a bayan shanu ba wanda ya ɗauke ta a bakin komai. Har littafi suka fitar shi da Ziky Kofoworola a 1987 kan kaɗe-kaɗe da wasannin Hausa.

Abin da ya fi kama ni game da shi, bai son kalmar jaz sam, yana ganin an ɓata ta da raini. Sai ya ƙirƙiro nasa sunan mai tsawo, ma'anarsa kiɗan da ke fitowa daga jikin mutum da hankalinsa da ruhinsa. Kenan shi ma ya san zafin a raina sana'arka tun daga sunanta, kamar yadda a nan da an ce makaɗi sai a ji maroƙi. Kuma wannan ƙirƙira ta nan take da makaɗan jaz suke taƙama da ita, a tsaya gaban jama'a ba takarda a zubo abin da ba a taɓa ji ba, ai mu ba baƙuwa ba ce gare mu, haka Shata yake yi, 'yan amshi na riƙe masa gindin waƙa shi yana yawo a kai. Jami'ar nan dai ita ta ba Shata digirin girmamawa a 1988.

Da ya koma Amurka bai ajiye koyarwa ba, ya yi shekaru yana karantarwa a jami'ar Massachusetts, ya ci Grammy, babbar kyautar makaɗa ta Amurka, yana rubuta kiɗa yana busa har ya kusa rasuwa a Disambar 2013 yana da shekara 93. Allah Ya jiƙansa. Ni abin da nake so in zama kenan ko da a zaure ne da yara tara, mai busa da kuma mai koyarwa, ba ɗaya ba.

Hajiyarmu ta lura ban ci tuwo sosai ba, na ba ta labari. Ta ce ka ba shi kwana biyu, ran Juma'a bayan masallaci ka je gida ka gaishe shi, kar ka kai maganar kiɗa, gaisuwa kawai. Haka zan yi in sha Allah. Sarewar yaron na ɗaura mata jan zare don kar ta ɓace cikin na sauran, na ajiye ta saman kwaba. Ramin na uku ya ɗan karkace, gobe zan duba ko zai gyaru ba tare da na taɓa sautin ba.