Kawu ya tafi gida, ni kuma ina nan da fushina

Sati uku kenan da muka binne Kawu, yayan Mama, a ƙauyenmu can wajen Malumfashi, amma har yau akwai maganar da ta tsaya min a maƙogwaro, shi ne na ce bari in rubuta ko ta samu ta wuce.

Ranar jana'izar wani abokina tun na sakandare, Musulmi ne, ya hawo mota tun daga Kano ya zo min gaisuwa, Allah ya saka masa. Ya zauna a benci ƙarƙashin dalbejiyar da ke gefen majami'a, ya ji 'yan Zumuntar Mata suna waƙa suna kaɗa tulu, ya kuma ji fasto ta lasifika yana cewa ɗan'uwanmu ya tafi gida, yana wurin Ubangiji. Da aka watse muna cin tuwo sai ya matso ya rage murya ya ce, "Mutumina kar ka ji haushi, tambaya ce. Mu in mutum ya rasu cewa muke Allah ya jiƙansa, Allah ya gafarta masa, roƙo muke. Ku kuma na ji kamar kun riga kun ga sakamakon jarrabawar. Wa ya ba ku tabbaci? Kuma wai ba wannan ne kawun da kake ba ni labari muna makaranta ba?"

Shi ne fa. Ba wani ba.

Kawu mutum ne da in ka ce ya wahalar da mu to ka sassauta. Mama ta yi shekaru tana adashe da kuɗin ƙosai da na daddawa har ta sayi bijimai biyu, ta kai masa ya riƙe yana huɗa da su, da sharaɗin in lokacin shigata makarantar gaba ya yi za a sayar a biya min. Lokaci ya yi aka aika, sai aka tarar da turke da igiya kawai. Ya kai su kasuwa tun da rani, kuɗin sun ƙare a gidan burkutu da wasu wuraren da ba sai na faɗa ba. Shekara guda na yi a gida ina kallon sa'o'ina suna dawowa hutu da akwati. Bai taɓa cewa a yi haƙuri ba, in ma aka tayar da zancen shi ne mai faɗa. Sai da ciwon hanta ya kwantar da shi, ciki ya kumbura, idanu suka yi rawaya, sannan ya sa aka kira fasto da Mama, ya yi kuka ya roƙi gafara ya ce yana so ya karɓi Yesu da gaske ba irin na da ba da yake zuwa sujada ranar Kirsimeti kawai. Wata biyu da 'yan kwanaki bayan nan ya cika.

To ka ga tambayar abokina ba ta addini ce kawai ba a wurina, ƙaiƙayi ya sosa min. Ni kaina da fasto ya ce ya tafi gida sai da wani abu ya ce min a zuci, haka kawai? Shekara sittin da wani abu yana abin da ya ga dama, wata biyu na kuka, shikenan an shafe?

Abin da na faɗa wa abokina a ranar ba shi da tsari, ina magana ina korar ƙuda daga miya, amma ga shi yanzu da na ɗan natsu.

Mu a wurinmu zunubi ba jerin laifuffuka ba ne kawai da za a ɗora a sikeli a gefe guda a ɗora ayyukan kirki a ɗaya gefen. Ya fi kama da tsatsa da ta riga ta ci ƙarfen tun daga ciki. Tun daga faɗuwar Adamu da Hawwa'u ɗan Adam ya karkace, ba sai an koya wa yaro ƙarya ba, da kansa zai ce ba shi ya sha madarar ba alhali ga ta a haɓarsa. A Littafi Mai Tsarki, manzo Bulus a wasiƙarsa ga Romawa sura 3 ya ce kowa ya yi zunubi ya kasa kaiwa ga ɗaukakar Allah, a sura 6 kuma ya ce ladan da zunubi ke biya mutuwa ce, amma rai madawwami kyauta ce daga Allah. Lura da kalmomin, ɗaya albashi ne da ka yi wa aiki, ɗaya kyauta. Wannan gardamar ma ba yau aka fara ba, kuma a Afirka aka fi buga ta. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, wanda ya rasu a 430, ya yi shekaru yana ja da wani malami Pelajiyus da ke cewa mutum in ya dage zai iya gyara kansa. Agustin ya ce ina, wanda ya faɗa rijiya ba ya jawo kansa da gugansa. To ba da waɗannan kalmomin ya faɗa ba, nawa ne, amma ma'anar kenan.

Saboda haka in fasto ya ce Kawu ya tafi gida, ba shaidar halin Kawu yake bayarwa ba. Kowa a wurin ya san halinsa, har mai sayar da burkutun tana cikin masu makoki. Shaidar wani yake bayarwa, wato Almasihu. Afisawa 2 ta ce ta wurin alheri aka cece ku ta hanyar bangaskiya, ba don ayyuka ba, don kada kowa ya yi fahariya. Tabbacin ba daga nauyin aikin mamaci yake fitowa ba, daga alkawarin wanda ya ce ya biya ne. Kuma gaskiya ko fasto ba ya ganin zuciya, abin da Kawu ya furta da bakinsa ya ji, sauran na Allah ne, shi ya sa ni ban cika son fastocin da ke magana a jana'iza kamar su ke riƙe da rajistar sama ba.

Abokina ya ce to ai Allah mai gafara ne, in ya ga dama ya yafe kawai, me ya kawo gicciye? A nan ne Mama ta shigo zancen ba tare da ta sani ba. Tana wucewa da kwanon ruwa na ce Mama, kuɗin bijiman nan fa, da kika ce kin yafe wa Kawu, wa ya biya? Ta kalle ni kamar na zare ta ce, "Kai yaron nan, wa zai biya? Ni mana." Ta wuce abinta.

Na daɗe ina juya wannan amsar. Yafe bashi ba ya sa bashin ya ɓace kamar hayaƙi, wanda ya yafe shi ya haɗiye asarar. Bijiman ba su dawo ba, shekarata ba ta dawo ba, Mama ce ta ƙara shekaru uku a bakin kaskon suya. Abin da muka gaskata game da gicciye kenan, Allah bai kawar da kai ya ce ba komai ba, domin akwai komai, shi mai adalci ne, kuma bai ɗauko wani bawan Allah can da bai ji ba bai gani ba ya ɗora masa ba. Shi da kansa ya shigo ya ɗauka.

Kuma nan ne maganar Uba, Ɗa da Ruhu Mai Tsarki take shigowa, wadda ita ce inda mu da maƙwabtanmu Musulmi muka fi rabuwa, ba sai mun yi wa juna kara ba. Ba alloli uku muke bauta wa ba. Maimaitawar Shari'a 6:4 ta ce Ubangiji ɗaya ne, Yesu ma ya maimaita ta a Markus 12 da aka tambaye shi umarni mafi girma. Kuma in mun ce Ɗan Allah ba muna nufin aure da haihuwa ba, Allah ya kiyaye, ko a Hausa ma ai ɗan Kano ba Kano ce ta yi naƙudarsa ba, duk da misalin bai kai ba, na sani. Abin da muke nufi Kalmar Allah ce wadda take tare da shi tun fil'azal, ta zama mutum. A shekara ta 325 sai da aka tara bishop-bishop a Nikiya, cikin Turkiyya ta yau, saboda wani limamin coci daga Iskandariya ta Masar mai suna Ariyus yana koyar da cewa Ɗan halitta ne, mafi girman halitta amma dai halitta. Taron ya ce a'a, ainihinsa ɗaya da Uba. Da ina ganin wannan gardamar masu karatu ce marasa aikin yi, sai yanzu na gane abin da ya sa Atanasiyus, bishop na Iskandariya da ya tsaya kan hukuncin taron, ya yarda aka yi ta korarsa daga kujerarsa a kai. In Yesu halitta ne to Allah ya aiki yaro ya biya masa bashi kenan. In kuwa Allah ne cikin jiki, to amsar Mama ce, ni mana.

Sai dai fa kar a ɗauka lasisi ne. Abokina ma ya faɗa, ya ce kenan mutum ya sheƙe ayarsa sai ya ga mutuwa ya tuba. Na ce wa ya ba shi takardar ranar mutuwar? Wasiƙar Yaƙubu ta ce bangaskiyar da ba aiki matacciya ce. Zakka mai karɓar haraji da ya tuba cewa ya yi duk wanda na cuta zan mayar masa ninki huɗu. Aiki ba shi ne kuɗin shiga ba amma shi ne alamar bishiyar na da rai. 'Yan Katolika da mu da muka fito ta ɓangaren Martin Luta, wanda ya rabu da cocin Katolika, mun yi ɗaruruwan shekaru muna jan wannan igiyar tun 1517, su suna kuma da koyarwar wurin tsarkakewa bayan mutuwa kafin a shiga sama, shi ya sa suke yi wa matattu addu'a, mu a cocinmu na ECWA ba mu da ita. Kawu dai abin da ya iya a wata biyun nan shi ne ya sa aka sayar da kekensa da 'yan awaki biyu aka kai wa Mama. Bai kai ko ƙafar bijimi ɗaya ba. Ta karɓa don kar ta kunyata shi, ta sa a kuɗin maganinsa.

Game da inda yake yanzu, abin da na riƙe shi ne ɓarawon nan da aka gicciye kusa da Yesu a Luka 23. Ba baftisma, ba baiko, ba ko Lahadi ɗaya a majami'a, hannuwansa a kafe a gicciye ba zai iya mayar da ko allura ba, cewa kawai ya yi ka tuna da ni, aka ce masa yau za ka kasance tare da ni a Firdausi. Kuma mutane da yawa, har cikinmu Kirista, sun ɗauka labarin ya ƙare a nan, rai ya tashi sama yana waƙa har abada. A'a. Begenmu tashin jiki ne, 1 Korantiyawa 15 gaba ɗayanta a kan wannan take, ana shuka jiki cikin ruɓa a tashe shi marar ruɓa, sannan shari'a, sannan sabuwar sama da sabuwar ƙasa da Wahayi 21 ta faɗa. Jahannama kuma tana nan, Yesu da kansa ya yi maganarta ba sau ɗaya ba, ba na son masu share ta don a ji daɗin wa'azi. Da muke zuba ƙasa na tuna da kumburarren cikin nan da ƙafafun da suka ƙi shiga takalmi, na ce ashe wannan jikin ma ba a gama da shi ba.

Duk wannan na faɗa wa abokina, ya saurara, bai yarda ba, ban kuma sa ran zai yarda ba. Ya ce shi dai har yanzu ya fi samun natsuwa da tsayawa tsakanin tsoro da fata, na ce na fahimta. Muka yi sallama na raka shi bakin titi ya samu mota.

Abin da ban faɗa masa ba shi ne ni ne ban gama yarda ba. Ba a ƙwaƙwalwa ba, ƙwaƙwalwa ta yarda, ciki ne ya ƙi. Akwai misalin nan a Matta 20 na mai gonar inabi da ya ɗauki 'yan ƙwadago, wasu tun da sassafe, wasu saura awa ɗaya a tashi, da yamma ya ba kowa dinari ɗaya. Na farkon suka yi gunaguni, mu muka sha rana. Tun ina makarantar Lahadi nake jin labarin nan ina ganin masu gunagunin ba su da kirki, sai ga ni a jana'izar Kawu tsaye a layinsu da fartanyata a kafaɗa. Mai gonar ya ce abokina ban cuce ka ba, ko haushi kake ji don ni mai alheri ne? E, haushi nake ji. Na rubuta don kar in yi ƙarya.

Kuma kamar da gangan, shekaranjiya autan Kawu ya turo min saƙo a WhatsApp. Ya gaishe ni da kyau, Yaya ina wuni, ya haƙurinmu, sannan a ƙasa ya ce rajistar jarrabawar fita sakandare za a rufe ƙarshen wata kuma ba shi da wanda zai tambaya. Yaron bai san labarin bijimai ba, ba a ma haife shi ba lokacin. Na kira Mama na karanta mata, ina jira ta ce wani abu da zai sauƙaƙa min, sai kawai ta ce albashinku ya shigo ne ko sai sati mai zuwa?

Na ce ya shigo Mama. Ta ce to.