Godiya bayan sallamar ƙanina daga asibiti

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, an sallami ƙanina daga asibitin koyarwa na Shika, kuma Allah Ya taƙaita ba a kai ga tiyata ba. A madadin Hajiyarmu da dukkan 'yan gida, ina godiya ga likitoci da ma'aikatan jinya, musamman likitar da ta ce mu kawo mata kwalayen duk magungunan da yake sha tun kafin a ɗauki hoton cikinsa. Maƙwabcinmu mai keke napep da ya kai mu da tsakar dare, ya kuma ƙi karɓar ko sisi, Allah Ya buɗa maka. Abokan sana'ar ƙanin nawa na kasuwar Sabon Gari, gudummawarku ta iso.

Masu dubiya sun yi ta tambaya, wasu ma sun yanke hukunci: wai basir ne, wai sammu ne. Ba ko ɗaya. Da izininsa nake faɗa. Yana shan Clozapine saboda lalurar ƙwaƙwalwa, kuma maganin ya yi masa rana, don har ya koma shago. Amma maganin yana rage motsin hanji. Taurin bayan gida ya zama ruwan dare ga masu shansa. Abin da ba a cika gani ba shi ne hanji ya tsaya cak, ciki ya kumbura, ko tusa ta ƙi fita, sai amai. Shi ne ya same shi, kuma yana iya kisa. A 2020 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta ƙara tsaurara gargaɗi a kan haka. Haɗa Clozapine da irin su Artane, maganin rage rawar jiki da sanƙarewa, yana ƙara tsananta abin.

Masu jinyar irin waɗannan bayin Allah, kowa yana lura da barci da yawan magana, amma wa ke tambayar babban mutum yaushe ya zaga? A daure a riƙa tambaya. In bayan gida ya ɗauke, ga kumburi ko amai, a nufi asibiti, ba mai jiƙo ba. Kada kuma a yanke maganin sai likita ya ce.

Ƙanin nawa yana gida Tudun Jukun, ya fara shan kunu da gwanda. Masu son dubiya, bayan la'asar ya fi, don da safe barci yake yi.