Shirun wani amsa ce, shirun wani kuma jira ne

Kwanan nan duk inda ka leƙa a intanet sai ka ga mutane sun liƙa wasu haruffa huɗu na sakamakon wani gwajin hali a jikin sunansu, wannan ya ce shi INFJ ne, waccan ta ce ita ENTP ce, wani ma har da cewa shi ba zai iya zama da mai harafi kaza ba saboda wai ba za su taɓa jituwa ba. Ni dai abin na burge ni ta wani ɓangaren, don ko ba komai mutane sun fara yarda cewa ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Amma ta wani ɓangaren yana damuna, kuma damuwar ce ta sa na zauna rubuta wannan.

Son raba mutane gida-gida dai ba yau aka fara ba. Tun zamanin Hippocrates a ƙasar Girka, sama da shekara 2000 da suka wuce, likitoci ke cewa akwai ruwa iri huɗu a jikin ɗan Adam, daga baya wani likita mai suna Galen ya zo ya ɗora halaye a kai, wai wanda jini ya rinjaya shi ne mai fara'a, wanda majina ta rinjaya shi ne mai sanyi-sanyi, haka dai. Ibn Sina ma a babban littafinsa na likitanci ya yi dogon bayani kan yanayin jiki, zafi da sanyi da danshi da bushewa. A 1921 Carl Jung, likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Suwizalan, ya fito da maganar masu karkata ga cikin zuciyarsu da masu karkata ga jama'a da abin da ke waje. Daga aikinsa ne wata mata Ba'amurkiya, Katharine Briggs, da 'yarta Isabel Myers suka haɗa gwajin nan lokacin yaƙin duniya na biyu, wanda ke jefa kowa cikin ɗayan gidaje 16. Su ne haruffan da ake ta yawo da su yanzu.

To ina matsalar? Matsalar ita ce yawancin mutane a tsakiya suke. Ka ɗauka an ce a raba mutanen duniya gida biyu, dogaye da gajeru, aka ja layi a daidai tsakiya, to mutum biyu da bambancin tsawonsu bai wuce faɗin yatsa ba sai ɗaya ya faɗa cikin dogaye ɗaya cikin gajeru, alhali sun fi kama da juna a kan kowa. Haka gwajin yake yi da hali. Shi ya sa mutane da yawa in suka sake yin sa bayan 'yan makonni sai su ga harafi ɗaya ko biyu ya canza, a wasu binciken ma har kusan rabin waɗanda aka gwada. Jung ɗin kansa ya faɗa cewa babu mutumin da yake zalla wannan ko zalla wancan. Masu binciken halayya na yanzu sun fi aiki da manyan ma'aunai guda biyar, son sabon abu, tsari da riƙon aiki, son shiga jama'a, sauƙin kai, da saurin shiga damuwa, kuma kowanne sikeli ne, kana iya zama a sama ko a ƙasa ko a tsakiya, ba a rufe ka a ɗaki a ce nan ne naka.

Sannan akwai abin da Bertram Forer, wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya yi wa ɗalibansa a 1948. Ya ba su gwaji, bayan mako guda ya miƙa wa kowa takarda ya ce ga bayanin halinka, ka auna min yadda ya dace da kai daga 0 zuwa 5. Matsakaicin makin da suka bayar ya kai wajen 4.3. Ashe takarda iri ɗaya ya raba wa kowa, kuma daga wani littafin taurari ya tsinto jimlolin. Duk lokacin da na ga wani ya rubuta "wallahi kamar sun shiga zuciyata" a ƙarƙashin sakamakon gwaji sai na tuna da ɗaliban nan.

Ba wai ina cewa a watsar da abin gaba ɗaya ba ne fa. In ya taimaka maka ka gane cewa gajiyar da kake ji bayan taro ba ciwo ba ce, ba kuma ƙin mutane ba ne, madalla. Abin da nake ƙi shi ne yadda gwajin ke juya idon mutum kan kansa kaɗai, ni kaza ne, ni haka nake, a ɗauke ni a haka. Ita kuwa magana mutum biyu ke yin ta, kuma mafi yawan saɓanin da na gani da idona tsakanin masu hali daban-daban a wani ɗan ƙaramin wuri yake faruwa, wato ɗan shirun nan da ke tsakanin lokacin da wani ya rufe baki da lokacin da ɗayan ya buɗe nasa.

Akwai wani abokin aikina da na daɗe ina lura da shi a mitin. In oga ya jefo masa tambaya ba ya amsawa nan take, sai ya kalli takardar gabansa, ya juya biro a hannu, ka ga kafaɗarsa ta ɗan ɗaga alamar ya ja numfashi zai fara, to daidai nan oga zai ce "to tunda ba ka da abin cewa bari mu wuce", ya juya ga na kusa da shi. Sai ka ga bawan Allah ya sauke numfashin ya rufe baki. Bayan an tashi muna saukowa daga bene sai ya ce min "Malama, ai lissafin nan da aka amince da shi akwai gyara", ya zayyano min abin tiryan-tiryan, kuma gaskiyarsa ne. Ogan ba mugu ba ne ko kaɗan, mutum ne mai saurin baki wanda in shiru ya ɗan yi tsawo sai ya ji kamar ya takura wa mutum, don haka a ganinsa taimako ya yi da ya ɗauke masa tambayar. Shi kuma wancan a ganinsa ba a damu da ra'ayinsa ba. Haka kowa ya koma gida da nasa fassarar, ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, kuma duk rigimar ba ta wuce sakan biyu ba.

Sakan biyu kuwa a hira lokaci ne mai tsawo sosai. A 2009 Tanya Stivers da abokan aikinta sun auna hirarrakin yau da kullum a harsuna 10 daga sassan duniya daban-daban, suka duba tazarar da ke tsakanin tambaya da amsa, suka samu matsakaicinta wajen kashi ɗaya cikin biyar na sakan ne kawai. Masu Japananci su ne suka fi sauri, kusan ba tazara ma, masu harshen Denmak su ne suka fi jinkiri, su ma ɗin bai kai cikakken rabin sakan ba. Ka ga kenan kunnenmu ya saba da wani ɗan awo ƙanƙani, da an ɗan wuce shi sai zuciya ta fara saƙe-saƙe, ko ya ji haushi ne, ko bai yarda ba ne, ko raina ni ya yi. Kuma kowa da awon da ya taso da shi yake auna na wani.

Deborah Tannen, malamar ilimin harshe a Jami'ar Georgetown, ta nuna wannan da kyau. A 1978 ta ɗauki muryar wata hirar cin abinci ta mutum shida, uku 'yan New York ita ma tana ciki, biyu 'yan Kalifoniya, ɗaya daga Ingila, sannan ta zauna ta bi hirar daki-daki. 'Yan New York ɗin suna shiga maganar juna, suna jefo tambaya a kan tambaya, suna ƙarasa wa mutum jimlarsa, kuma a wurinsu wannan shi ne nuna ana tare, ana jin daɗin labarinka. Sauran kuwa suna ta jiran a ba su fili, filin bai zo ba, suka tashi da jin an danne su. Su kuma masu saurin suna mamakin me ya sa waɗannan suka ƙi sa baki. Abin da ya fi taɓa ni a binciken nan shi ne dukkansu ladabi suke yi. Wani ladabinsa shi ne kada ya bar ka kai kaɗai cikin maganarka, wani kuma ladabinsa shi ne kada ya taka maka magana. In irin waɗannan biyun suka yi aure ko suka zauna ofis ɗaya, mai sauri zai ƙara sauri don ya cike shirun, mai jira zai ƙara ja baya don ba a ba shi dama ba, kowa na ƙara tura ɗan'uwansa cikin abin da yake ƙorafi a kai, har a wayi gari an sa wa ɗaya suna mai girman kai ɗaya kuma mai surutun tsiya.

Maganin kuwa wallahi ba shi da tsada. Mary Budd Rowe, wata mai binciken koyarwa a Amurka, ta gano a farkon shekarun 1970 cewa malamai in sun yi tambaya a aji wajen sakan ɗaya kawai suke jira kafin su maimaita ko su kira wani ko su amsa da kansu. Da aka koya musu su riƙa jira sakan uku ko fiye, sai amsoshin yara suka ƙara tsawo, masu cewa "ban sani ba" suka ragu, yaran da a da ba a jin muryarsu suka fara ɗaga hannu. Sakan uku fa. Gwada ƙirga shi a zuci bayan ka yi wa wani tambaya ka ji yadda yake da nauyi in kai mai sauri ne. Shi ma mai jira akwai nasa aikin, don ba adalci ba ne a ce kullum ɗaya ne zai lanƙwasa, ya koyi cewa "bari in ɗan yi tunani" da baki, ko ya ɗaga hannu, ko ya ce "ban gama ba" in an katse shi, saboda mai sauri ba ya ganin abin da ke cikin kai, shirun kawai yake ji.

Da aka koma rubutu a waya kuma sai abin ya ƙara cakuɗewa. Ƙanwata ta taɓa miƙo min wayarta ido ya ciko, ta ce "Yaya, duba abin da ya turo min don Allah". Ta rubuta wa mijinta saƙo mai tsawo a WhatsApp, ta yi bayanin yadda take so su tsara wata tafiya, da dalilanta, da abin da take tsoro, layi ya fi goma. Shi kuma ya amsa da "To." Har da ɗigo. A wurinta wannan ɗigon fushi ne, rufe ƙofa ne. Na ce mata kira shi ki ji muryarsa tukuna kafin ki yanke hukunci. Ta kira, sai ga shi da fara'arsa yana cewa ai ya karanta duka kuma tsarin ya yi, ya ma fara duba ranar da zai nemi hutu. A wurinsa "to" ɗin nan cikakkiyar amincewa ce, me zai ƙara tunda ta riga ta faɗi komai daidai. Justin Kruger da Nicholas Epley da abokansu sun gwada irin wannan a 2005 da saƙon imel, masu turawa suna zaton za a gane ko da gaske suke ko gatse suke yi kusan kashi 80 cikin 100, amma masu karɓa ɗan sama da rabi kawai suka cinka daidai. Dalili shi ne lokacin da kake rubutu kana jin muryarka a cikin kanka, ka manta cewa muryar ba ta bin saƙon.

Wani abin kuma da ke haɗa mutane shi ne kai-tsaye da zagaye. Akwai wanda in yana son a rufe taga zai ce "rufe taga", akwai wanda zai ce "kai, yau akwai sanyi fa", ya jira a gane. Edward Hall, wani mai binciken al'adu, ya yi bayanin irin wannan a 1976 a matakin al'ummomi, wasu suna zuba komai cikin kalma, wasu suna barin rabin saƙon a cikin yanayi da alaƙa da fuska, amma ni na ga ko a ɗaki ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, ana samun duka biyun. Mai zagaye yana jin umarni kai-tsaye kamar mari, mai kai-tsaye kuma yana jin zagaye kamar tarko aka ɗana masa don a ce bai damu ba.

Sai dai akwai inda nake tsayawa, kuma a nan ne nake rabuwa da masu cewa "ni haka Allah ya yi ni". Ana cewa hali zanen dutse, amma binciken da aka bi mutane shekara da shekaru ya nuna hali na motsawa a hankali, yawancin mutane suna ƙara natsuwa da riƙon amana da sauƙin kai yayin da suke manyanta. Don haka wanda ke yanka wa mutane baƙar magana ya ce shi ai mai faɗin gaskiya ne, gwaji ma ya tabbatar, wannan ba salon magana ba ne, rashin tausayi ne, kuma yana iya gyarawa in ya so. Haka wanda ke ɗaure fuska kwana da kwanaki ya ƙi kula kowa don ya hukunta mutanen gida, ba zai fake da cewa shi mai shiru ne ba. Yadda nake bambancewa shi ne na duba yadda mutum yake a ranar da komai ke lafiya. In dama can amsarsa gajera ce ko yana cikin farin ciki, to gajeriyar amsarsa ta yau ba ta ɗauke da wani saƙo. Amma in mai cika waya da saƙon murya ne kullum, yau kuma ya turo "to" shi kaɗai, wannan kam sai in ajiye abin da nake yi in kira shi.