Saniyar da ta fi kowace nono

Wata shida na yi ina bin rugage tsakanin Bukuru da Vom ina ɗibar jinin shanu, ina neman wata cuta da makiyayan ba su ma yarda tana garkensu ba. Likitocin dabbobi na kiranta cutar Johne, sunan Bajamushen da ya bayyana ta a 1895 tare da wani Ba'amurke mai suna Frothingham. Ƙwayarta 'yar uwar ta tarin fuka ce, sai dai ita hanji take kamawa. Maraƙi ke ɗaukarta tun yana ɗan watanni, daga kashin da ya ɓata hantsar uwa, ko ta dakashi da nono, sannan ta yi lamo shekara 2 zuwa 5. Sai saniya ta manyanta zawo ya ɓarke mata, ta yi ta ramewa alhali ba ta fasa kiwo ba, ƙasan haɓarta ya kumbura. Ba ta da magani. Wadda ta kai nan kowa na iya gane ta. Aikina shi ne ƙirga waɗanda ba su kai ba.

A makon farko na tafka kuskure: na bar Ardo ya zaɓo mini shanun da za a ɗiba. Cikin mutunci ya jawo ramammu, don a ganinsa su ne ke bukatar likita, ya haɗa da maruƙa saboda sun fi sauƙin kamu. Ramammun nan yawanci ciwon hanta ne ko sammore ko tsutsar ciki ke damunsu. Maruƙan kuwa ko suna ɗauke da ƙwayar, jininsu bai fara nunawa ba. Haka na zubar da aikin mako guda. Daga nan na koma shanun da suka haura shekara uku kawai, in ba kowace lamba, in jefa ƙuri'a, wadda ta fito ita za a kama ko da ita ce mai tunkuyi. Kafin a saki shanu muke isa, cikin sanyin hunturun Filato da ke sa yatsa ya kasa riƙe sirinji.

Gwajin jinin, wato ELISA, ba ƙwayar yake nema ba. Martanin garkuwar jiki yake nema, shi kuwa martanin nan yana makara. Idan gwajin ya ce saniya na da cutar, galibi gaskiya ne. Idan ya ce babu, to a nan ake yaudarar kai, don akasarin masu ɓoyayyar cutar wucewa suke yi. Bari in ba da misali, ba sakamakona ba ne. A ce cikin shanu 100 gwaji ya kama 3. A ce yana yi wa lafiyayya ɗaya cikin ɗari ƙazafi, kuma ɗaya cikin biyar kawai yake kamawa a masu cutar. Cire ɗaya, saura 2, ka ninka sau biyar: kusan shanu 10 ke nan, ba 3 ba. Lissafin da wasu masana biyu, Rogan da Gladen, suka tsara a 1978 ke nan, kuma duk rahoton da ya kawo adadi bai yi wannan gyaran ba, ni ban cika amincewa da shi ba.

Shi ya sa na riƙa ɗibar kashi ma. Rainon ƙwayar a ɗakin gwaji kan ci har mako 16, tana da nawa ainun. Gwajin PCR, mai gano alamar ƙwayar a cikin kashin, ya fi sauri, amma saniya ba kullum take zubar da ƙwayar ba, yau a samu, jibi a rasa. Na kuma koyi tambayar ko an yi wa garke allurar gwajin tarin fuka kwanan nan, domin tana iya rikita sakamakon jini.

Ranar da na koma wurin Ardo da sakamako, saniyar da gwajin jini da na kashi duka suka nuna tana da cutar ita ce mafi ƙiba a garken.

"Likita, wannan? Ita ta fi kowace nono a rugar nan."

"Ita ce, Baffa. Maruƙanka nake ji wa tsoro, ba ita ba."

A karatu an ce a raba maraƙi da uwarsa da zarar an haife shi. Ban ma faɗa masa ba. Saniyar Bunaji ba ta sakin nono sai ɗanta na kusa, kuma da nonon nan matan rugar ke cefane. Abin da muka daidaita a kai shi ne a canza wurin haihuwa zuwa inda ba kashi, a wanke hantsa kafin maraƙi ya kama, a daina ɗaure maruƙa inda manya ke kwana, tunda ƙwayar kan yi watanni da rai a ƙasa mai laima. Saniyar kuma in zai rabu da ita, a kai wa mahauta, kada ta shiga wani garken.

Ya yi shiru, can ya nuna wata 'yar karsana da sandarsa. "Ga 'yarta nan. Ita fa?"

Na ce jininta ba zai gaya mana komai yanzu ba. Na rubuta lambarta a littafina, na ce masa sai ta yi haihuwar fari in dawo.