Kada Ka Ce Wa Mai Yanka Ya Bar Maka Nauyi

Ɗan ƙanena ya dawo daga Jos da ɗanyen tomalin kore, wato dutsen ado mai daraja da ba a yanka ba, giram 2, ya same ni a shago nan Ƙofar Ƙaura baki har kunne. Na tambaye shi abin da zai faɗa wa mai yanka, ya ce, "Kawu, ai ce masa zan yi kada ya ci mini nauyi." Gabana ya faɗi, domin da wannan maganar na kashe duwatsu masu kyau farkon shigata harkar.

Lissafin ne ke ruɗar mutum. Giram ɗaya karat 5 ne, kuma karat-karat ake sayarwa. Amma yankan kirki yakan bar maka kashi 25 zuwa 35 cikin ɗari ne kawai, sauran ya bi ruwa. Ka miƙa karat 10 a dawo maka da 3, dole ranka ya sosu. Nawa ya sosu, na riƙa matsa wa masu yanka su bar mini 4 ko 5. Suka bari kuwa, tunda ba kuɗinsu ba ne.

Hanya biyu ake barin nauyi, kuma duka na ɗanɗana. In dutsen mai faɗi ne marar kauri, sai a yi masa gindi marar zurfi. Hasken da ya shiga ta tebur, wato shimfiɗaɗɗiyar fuskar saman dutsen, maimakon ya bugi fuskokin gindi ya dawo ido, sai ya zarce ta ƙasa. Kowane dutse da iyakar kusurwar gindinsa: amatis wajen digiri 40, akwamarin 39, tomalin 38, safaya kusan 35. Ka sauka ƙasa da haka taga ta buɗe, tsakiya fari fat, launi ya koma gefe kamar kwalli a ido. Shi ya sa ƙwararru ke yanka gindin amatis a 42 ko 43. Riƙe dutsen bisa rubutun jarida ka leƙa ta tebur; in ka karanta harafi, mai saye ma zai karanta. Hanya ta biyu ita ce a bar gindin ya yi tumbi, gefe ya yi kauri. Sikeli zai faranta maka rai, amma nauyin yana ɓoye cikin zobe, fuskar ba ta fi ta ƙaramin dutse ba, maƙeri kuma ya sha wuya kafin ya zaunar da shi.

Ba ni kaɗai ke da laifi ba. Dillalanmu sikeli suke fara jawowa kafin madubin duba dutse, kuma farashin karat yana tsalle a kan 1, 2, 3 da 5. Mai 2.95 da mai 3.05 ba kuɗinsu ɗaya ba. Wa zai ga haka bai yi kwaɗayi ba? Sai dai mai saye daga Bankok ta Tailan ko Jaifur ta Indiya ba abin da ke tafin hannunka yake tayawa ba. Yana auna abin da zai rage in ya sake yanka shi, ya cire kashi 20 ko 30, ya cire ladan aiki, sannan ya buɗe baki. Na biya an ɓata, na sake biyan kuɗin gyaran ɓarnar. Da ɗanye na sayar da na fi tsira.

Abin da ban sani ba sam shi ne dutse yana da alƙibla. Ɗanyen tomalin dogo ne kamar sanda; ta gefe kore ne shar, amma leƙa shi ta tsawonsa, sau da yawa baƙi ne ƙirin. Dole tebur ya kwanta bisa tsawon sandar, a miƙar da kawunan biyu sosai don duhun kada ya malalo ciki. Dalilin ke nan da kake yawan ganinsa dogo mai kusurwa huɗu. Safaya irin ta Mambila akasin haka take: shuɗin mai kyau ta kan sandar ake ganinsa, in an juya ta don neman nauyi sai ta yi kore-kore. Tofaz yana da layin tsagewa, in tebur ya faɗa daidai kansa ba ya ɗaukar sheƙi, sai an karkata shi kamar digiri 10.

Na so in jero shawara da yawa, amma ku yaran yanzu abin da ya wuce tsawon fuskar waya ba kwa karantawa. Daina duba ɗanyen dutse da tocila, domin ko mai duhun tsiya sai ta haska shi. Ɗora shi kan farar takarda a inuwa; in bai nuna launi a nan ba, babu gwanin da zai sa masa. Tsoma shi a mai ka ga tsagar da ke ciki. Kada ka ba wanda ba ka ga aikinsa ba dutsen kirki. Fara gwada shi da amatis mai arha, ka duba da madubi mai ninki 10: fuskoki su haɗu a wuri guda, ba karce. Ƙananan duwatsu kuma a yanka su a ma'aunin da maƙera ke nema, milimita 6 da 4, 7 da 5, ko 8 da 6.

In ba ka samu gwani ba, sayar ɗanye. Ko da yake sayar da ɗanyen ne ya sa ribar dutsenmu ke tafiya Tailan da Indiya mu muna kallo. To ka zauna ka koyi yankan da kanka, amma na san halinku, wata uku kan inji za ka fara kiran kanka oga.

In an ce maka 2.9 mai haske ko 3.1 mai taga, ɗauki 2.9. Sai fa in yakutu ne ko zumurrudu mai tsadar gaske, nan kam manyan masu yanka ma sukan haƙura da 'yar taga don nauyi. Irin wannan dutsen bai cika faɗowa hannun sabon shiga ba.